Takun Audi, Tuwon Sodangi

Alhaji Sodangi ya waiga dama da hagu, sannan ya zura babbar wayarsa cikin aljihun Audi kamar mai ba da cin hanci. Audi ko kallonsa bai yi ba. Ya kama hannun baronsa mai ɗauke da buhu biyu na gero, ya kutsa cikin kasuwa. Sodangi ya koma kan tabarmarsa a rumfar hatsi, ya miƙe ƙafa, ya gyara wa tumbinsa zama. Tafiyarsa ta yau ta fara ke nan.

Ciwon suga ne ya jawo wannan rashin gaskiya. Tun da likita ya ce a rage masa ci, 'yarsa Khaula, wadda ke aikin jinya, ta ɗauki abin da zafi. Ta saya masa waya mai ƙirga taku, ta zaunar da uwarta Atika ta yi mata karatu. Jiki, in ji ta, kamar murhu yake, wanda ba a girki a kansa ba ya bukatar itace da yawa. In Baba ya wuni zaune, takunsa bai kai dubu biyar ba, malmala ɗaya ƙarama ta ishe shi. In ya haura dubu goma, to ya ƙona abin da ya ci, a ba shi biyu.

Sodangi mutum ne da mashin ke ɗaukarsa daga Ƙofar Marke ya dire shi bakin rumfa, masallaci kuma ga shi nan bayan buhuna. Kwanakin farko ya sha wuya. Atika takan karɓi wayar bayan magariba, ta duba, ta ajiye masa wata 'yar malmala da bai san lokacin da take wucewa ba. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, har shekarun aurensu ya tuna mata. Atika ta ce ita ba ta da ta cewa, waya ke magana.

Sai dabara ta faɗo masa. Audi taubashinsa ne, ɗan goggonsa, tare suka tashi, kuma shi ke tura masa kaya zuwa tasha da gidajen masu saye. Ba a yi mako da fara zura wayar a aljihun Audi ba, malmala ta koma biyu, har da ƙarin miya. Ciniki kuwa da ƙaramar wayarsa yake yi, babu abin da ya tsaya. Tsoronsa ɗaya ne a duniya, kada Atika ta gane.

Ran nan Audi bai dawo da wuri ba. Sai bayan la'asar ya iso, ya jingine baron, ya zauna a ƙasa ya kifa kai a gwiwa. Da ƙyar ya ciro wayar ya miƙa. Sodangi ya tsokane shi yadda suka saba, ya ce tsufa ne ya yi sallama.

"Kai ko tsuhwa ta zo, zaune za ta iske ka," in ji Audi, yana murmushin dole. "Ba komi, jiri na. Tun kunun sahe ban sa komi ba cikina."

Sodangi ya yi dariya, ya tura masa butar ruwa, sai ga mai sayen dawa ya iso, maganar ta bi iska.

A gida ya tarar Khaula ta zo gaisuwa, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ita ta karɓi wayar maimakon uwarta, ta yi ta jan yatsa tana duba kwanakin baya, fuskarta na sauyawa. Ta ce kullum takun ya wuce dubu ishirin, na yau har ya fi. Ta dubi tumbin ubanta, ta sake duban wayar, kunya ta hana ta faɗin abin da ke bakinta. Abin da ta iya cewa kawai, mai irin wannan tafiya malmala biyu ba ta riƙe shi, zalunci ne ma a ba shi biyu.

Atika ta miƙe. Ta shiga madafa ta fito da babbar kula, ta ajiye gabansa ta buɗe. Tuwon shinkafa malmala uku, miyar taushe, da tsoka har biyu. Rabon da Sodangi ya ga irin wannan tun kafin likita ya shiga rayuwarsa. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya yanko loma. Sai ya tsaya da ita a hannu.

"Khaula," ya ce, bai ɗago ba, "in mutum shina wagga tahiya, ga kaya shina turawa, kuma kunu kaɗai ya sha tun sahe, mi ka samu nai?"

Ta ce jikinsa zai koma cin kansa. Zai rame, jiri ya riƙa ɗibarsa, wata rana ya yanke jiki ya faɗi a hanya, balle in shekaru sun ja.

Kunya ta rufe Sodangi, irin wadda bai taɓa ji ba. Shekara da shekaru yana ganin Audi na wucewa da baro, bai taɓa tambayar kansa nawa ƙafafun nan ke ci ba, sai da waya ta ƙirga masa. Ga shi kuma ladan tafiyar shi yake haɗiyewa. Ya mayar da lomar, ya rufe kular, ya miƙe yana laluben takalmi. Khaula ta tambaya ko lafiya, ya ce akwai inda zai leƙa a Ƙofar Dundaye. Ta ce bari ta kira mai mashin.

"Bar shi. Da ƙasa zan tahi."

Atika ta ɗaure kular a tsumma, ta raka shi har bakin zaure. A nan ta rage murya don kada 'yar ta ji. Ta ce da azahar ta kira ƙaramar wayarsa ba ta shiga ba, sai ta kira babbar, kuma wanda ya ɗauka haki yake yi har sallama ta gagare shi. Ta ɗora masa kular a hannu, ta zura masa babbar wayar a aljihu.

"Ka gaishe min da Audi," ta ce. "Taka malmalar tana nan, in ka dawo sai mu duba wayar."