Kunya Biyar Kafin Mota Ta Zo

"Kar ki cire! Bar ta a wurin!"

Na riga na kama turken igiyar da ke lambunsa zan tumɓuke shi lokacin da Baba Magini ya daka mini tsawa daga kan kujerarsa. Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Tsawar ta fi ƙarfinsa, ya hau tari, har matarsa Inna ta lalubo bango ta fito masa da ruwa a kofi.

"Baba, igiyar zan mayar kunya ta biyu," na ce. "Ba haka kuke yi a wurin gini ba?"

"Wannan ba gini ba ne, Mai Keke. Kowace kunya da igiyarta. Duba buhun can."

Na duba. Igiyoyi huɗu ne a naɗe, kowace an yi mata ƙulli bayan taƙi biyu, kamar wadda ke ƙasa. A raina na ce tsohon nan zai kashe ni da tsirfa.

Ni tela ce, kuma ba ni da haƙuri, kowa a layinmu ya sani. Rigar mutane na bari a ƙarƙashin allura saboda Inna ta ƙwanƙwasa mini katanga da sandarta. Ƙarfe ɗaya ta wuce, ƙarfe huɗu kuma babban ɗansu, Injiniya, zai zo da mota ya kai Baba asibiti. Ciwon ya cinye shi har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ba wanda ya faɗa, amma mu ukun mun san wace irin tafiya ce. A bayan ɗaki kuwa ga gwangwanaye sittin na tumatir da barkono da ya rena, saiwoyinsu har sun leƙo ta ƙasa, suna jiran dashe.

Abin da ya ba ni haushi, mutumin nan ya yi rayuwarsa duka a kan sannu ba ta hana zuwa. Yakan yi yini guda yana gyara kunya ɗaya. Yau kuma shi ne mai korata.

"Jiƙa gwangwanayen duka tukuna, su sha kafin ki iso gare su. Sai ki ja igiyoyin. Sai ramuka, duka, kowane ƙulli rami ɗaya. Kar ki dasa ko ɗaya sai kin gama haƙa."

"Me ya sa?"

"Ajiye fartanya, ɗauki buta, ajiye buta, ɗauki fartanya, a nan rana take ƙarewa. Hannu in ya kama aiki ɗaya, a bar shi ya ƙoshi."

Gaskiyarsa ce, ko da yake ban faɗa masa ba. Kafin biyu da rabi ramuka sittin sun buɗe baki, na bi su da taki, na jera gwangwani a gefen kowane. Ya ce in fara da tumatir, su ne suka fi galabaita, barkono yana da jimiri. Ina kifa gwangwani a tafin hannu, ƙasar ta zame a dunƙule, in sa, in danne, in wuce. Bayana kamar zai tsinke.

Da Inna ta koma ciki haɗa masa kaya, sai ya yafito ni.

"Injiniya zai ce ta koma wurinsa. Bene hawa huɗu. Idonta yanzu haske da duhu kawai yake rabewa. Can za a zaunar da ita a kujera, a riƙa miƙo mata abinci, wata shida ba za ta yi ba. Nan kuwa ta san kowane dutse. Yaron kirki ne, amma sai ya gani da idonsa yake yarda." Ya nuna igiyar da haɓa. "Ƙulli ɗaya, tushe ɗaya. Hannunta zai gaya mata."

Kunya ta kama ni. Na sunkuya na ci gaba da aiki don kar ya ga fuskata, gumi da hawaye suka haɗu, ban tsaya bambance su ba.

Injiniya mutum ne mai cika lokaci, abin da ban taɓa jin haushinsa ba sai ranar. Huɗu saura kwata muka ji hon. Kunya huɗu sun dasu sun sha ruwa, ta biyar ramuka ne kawai da gwangwanayen barkono goma sha biyu.

"Minti goma, in ƙarasa," na ce.

"Bar ta," in ji Baba. "Ki mayar da su inuwa. Kar ki taɓa, ko na daɗe."

Injiniya ya ɗauke shi cak kamar yaro. A bakin ƙofa Baba ya ce a tsaya, ya juya ya dubi lambun, ya ce mini, "Kunya ta uku ta ɗan karkace." Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan, kuma ƙarya ce, a miƙe take.

Kwana shida ya yi a asibiti. Rana ta bakwai da hantsi ina taka keke na ji kukan ƙanwar Injiniya ta katanga, na cire ƙafata. Allah ya jiƙan Baba Magini. Na yi kewarsa fiye da yadda na zata zan yi kewar mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana ce mini ina da gaggawa.

Da masu ta'aziyya suka watse, Injiniya ya zo da motarsa wata safiya. Ina tsaye a tsakar gidan ya fito da akwatin Inna ya sa a but ɗin motar, ya bar injin a kunne.

"Inna, mu tafi kafin hanya ta cushe."

"Ina zuwa. Akwai aikin da babanku ya bar mini."

"Wane aiki kuma? Mai Keke za ta kula da lambun. Inna, ba kya gani, in kika faɗi wa zai ɗaga ki?"

Ta jingine sandarta, ta bi bangon ɗaki zuwa baya, ta laluba da ƙafa har ta taɓa turken kunya ta biyar. Ta durƙusa, ta kama igiya. Hannuna yana ƙaiƙayi in taimaka, na harɗe shi a ƙirji.

"Miƙo mini gwangwanayen, ɗaya-ɗaya," ta ce wa ɗanta.

Ya dube ni, na dubi sama. Ya miƙa. Yatsunta suka zame a kan igiya zuwa ƙulli, suka sauka cikin rami, suka share ƙasar da ta zube. Ta kifa gwangwani, ta sa, ta danne, ta matsa gaba. A na huɗu ta fi ni sauri. Injiniya yana binta da baya-baya cikin takalminsa na ofis, bakinsa a buɗe, har suka kai na tara.

"Ɗaga ƙafarka," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Muryarka daga kan kunya ta huɗu take fitowa. Kana kan tumatirina."

Ya ɗaga. Ga shi kuwa, ɗan tsiron ya kwanta a cikin sawun takalmin.

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya fita, muka ji injin mota ya mutu, muka ji an buɗe but an rufe. Ya dawo ya ajiye akwatin a bakin ƙofar ɗakinta, ya zo ya durƙusa da wandonsa mai guga a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya zaro biro daga aljihun rigarsa, ya kafa shi a gindin tsiron, ya tallafo shi da yatsa biyu ya jingina shi a jiki.