Takardar Keken Baba Simeon

"Ku kauce! Bijimi ya tsinke!"

Rahamatu ta ji ihun mahautan kafin ta ga komai. Tana tsugune a gefen hanyar dam, tana cire ƙarangiya daga bakin sabuwar atamfarta. Da ta ɗago, sai ta ga 'yarta a tsakiyar hanya tana lasar alewa, ga baƙin bijimin da aka taso daga Kurfi ya miƙo yana jan guntun igiya.

Turai ce 'yar farinta, saboda haka ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "yarinyar nan". Ran nan ta buɗe maƙogwaro: "Turai! Turai!"

Fitar ma ba da son ranta aka yi ba. Maƙwabcinsu ne ya matsa, Baba Simeon mai gyaran famfo a Dutsin-Ma. Yana da keke tun kafin a haifi Turai, amma bai taɓa cire takardar kanti da ke naɗe a jikin ƙarfen ba. In hanya ta yi taɓo, sauka yake ya saɓa shi a kafaɗa, har 'yan unguwa na cewa keken ne ke hawan Baba. Da safen nan sai ga shi a ƙofar gida yana yage takardar da wuƙa.

"Baba, lafiya? Kai da ko ƙuda ba ka bari ya sauka a kai?"

"'Yata, jiya na leƙa ƙarƙashinta, ashe tsatsa ke cin keken a ɓoye. Wa nake ajiye wa? Ki ɗauko zanen nan da kike gadi a akwati, mu kai jikata ta ga ruwa. Na gaya wa maigidanki, Mamanku Justina ma za ta."

"Hanyar duk ƙaya ce, Baba."

"To ki ɗauro akwatin."

Yanzu Baban ne ya fi kowa kusa da yarinyar. Bai tsaya ɗaukarta ba, don babu lokaci. Ya taka keken da ƙarfi ya gitta gaban bijimin, ya sa ƙafa ya hankaɗe Turai cikin kwata. Ƙaho ya shiga tayar gaba, wayoyi suka tsintsinke, bijimin ya ɗaga keke da tsoho ya maka da ƙasa. Ya ja baya, ya sake sunkuyowa. Rahamatu ta ji ƙarar ƙashi kamar an taka busasshen kara. Sai da mahauta suka sare wa bijimin agara sannan ya durƙushe yana gurnani.

Ta fizgo Turai, ta shafa kai, ta shafa haƙarƙari. Ƙujewa ce kawai a gwiwa. Ta danƙa ta a hannun Mama Justina, matar Baba, wadda ke ta kiran Yesu, sannan ta durƙusa kan tsohon. Cinyarsa ta yage, jini na tsartuwa har kan ƙirjinta. Ta kama bakin atamfar da haƙori, ta keta ta tun daga ƙasa, ta ɗaure saman raunin, ta danne da gwiwa.

"Ku tsaida mota! Tsayuwar me kuke yi?"

"Kin yaga zanen," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa.

"Yi shiru, Baba."

"Na ji kin kira sunanta. Gaban mutane kuwa. Ba kunya." Ya so yin dariya, tari ya sarƙe shi. "Ya keken?"

"Ya tashi aiki."

"To madalla. Bai mutu a ɗaki ba."

A bayan a-kori-kura ya cika, kansa a cinyar matarsa, tun ba su kai ƙofar asibiti ba.

Bayan an gama zaman makoki, Mama Justina ta kwance ƙararrawar keken ta danƙa wa Turai. Da yammacin wata Asabar Rahamatu ta ɗaura atamfar, wadda yanzu ta gajarce, da tabon da ya ƙi fita, ta kama hannun 'yarta suka bi hanyar dam. Ƙarangiya ta manne mata har gwiwa, ba ta sunkuya ba. Suka zauna a kan dutse a bakin ruwa, Turai na danna ƙararrawar, shamuwa na kallonsu daga ɗaya gaɓar.