Gola a Gonar Shinkafa

Kakana Umara gola ne a Kano bayan yaƙin basasa. Ƙwallo ce ta ciyar da shi har gwiwarsa ta lalace, ya dawo Auyo yana noman shinkafa.

Bana tsuntsaye jan-baki suka sauko mana gab da girbi, kuma gonar nan ce abincinmu na shekara. Tsohon ya ƙi zama a gida. Ina cikin gona ina korar tsuntsayen, ya tsaya a baki yana ta yi mini ihu.

"Khalid, koma hagu! Ka bar baya a buɗe!"

Da suka taso ta gefensa, sai ya daka tsalle ya faɗa cikin taɓo. Suka watse.

Na ɗago shi yana haki. "Sun shiga?"

"Ba su shiga ba, Kaka."

"Madalla. Kar kakarka ta ji."