Shayin Barcin Umma

Tun da aka kawo buhun shayin barcin nan ɗakin gwaji, Auta ba ta ƙara cin abincin rana a kan kari ba. An tattaro shi ne daga shaguna da manyan kantuna, bayan mutane sun fara ƙorafin yana sa su jiri. Aikinta shi ne ta gano yawan sinadarin da ke kashe jiki a kowane ƙunshi.

Aikin ba wuya, sai cin rai. Ta niƙa ganyen, ta auna, ta jiƙa shi a ruwan da ke tsotso sinadarin, ta tace, ta ɗura a 'yan kwalabe, ta jera wa injin. Injin kuwa tsoho ne, sai an lallaɓa shi. In ya ga dama ya zana layi a allon kwamfuta, inda sinadarin yake sai layin ya yi tsini sama.

Sakamakon ya ƙi zama wuri ɗaya. Wani ƙunshin layin a kwance, wani kuma tsinin har ya fice daga allon.

"Sake yi," in ji ogansu, ko ɗago kai bai yi ba.

Ta sake, bayanta na ciwo, idanunta na yaji. Dogo, abokin aikinta, ya leƙo ya ce, "Wannan ai ko doki aka ba sai ya nemi tabarma."

Ba ta yi dariya ba. Irin wannan kwalin ne a kan firjin mahaifiyarta. Tun rasuwar Baba barci ya ƙaurace wa Umma, sai da wata maƙwabciya ta kawo mata shayin.

Da ta tashi aiki ta biya gidan Umma, ta sauko da kwalin.

"Ina za ki kai min?"

"Aunawa zan yi, Umma."

"Ke komai sai kin auna. Ɗauki biyu ki bar min sauran."

Washegari ta sa na Umma a injin. Layin ya tafi a kwance har ƙarshe. Ta maimaita da ɗaya ƙunshin, haka. Busasshen ganye ne da ƙamshi, ba komai ciki. Ta daɗe zaune a kan doguwar kujera, ta rasa ko daɗi za ta ji ko haushi.

Ta kira yayanta ta gaya masa. Ya yi dariya har da tari.

"To ki yi shiru mana. Tunda tana barci, ina ruwanki?"

"Kwali na gaba fa, Yaya? In aka dace da mai ƙarfin?"

Sai ya daina dariyar.

Da yamma ta tarar da Umma na ninke kaya a falo. Auta ta ce, "Naki ba matsala, ki shanye. Amma kada ki sayi sabo. Za a kwashe su daga kasuwa."

"In ya ƙare fa?"

"Sai mu je wajen likita. Ni zan kai ki."

Umma ta taɓe baki, ta miƙa mata bakin zanin gado. Auta ta kama, suka ja, suka ninke.