Laka a Gindin Kwalba

Ruwan da ke fitowa daga bututu na huɗu ya koma kalar shayi mai madara. Dogo ya tsuguna a gindin madatsar ruwan, ya tara hannu, ya murza tsakanin yatsunsa, ya ji ƙasa.

Shekara tara ke nan yana awon ruwan da ke tsattsafowa ta ƙarƙashin bangon. Kowace safiya bokiti da agogo: ya tara, ya duba minti nawa ya cika, ya rubuta. Tsohon da ya koya masa aikin ya ce kowace madatsa tana gumi, kuma muddin ruwan garau yake, a kwantar da hankali. Ranar da ya fito da laka kuwa, bangon ne ke cin cikinsa. Jiya bokitin ya cika a minti uku. Yau ko biyu bai kai ba.

Ya ɗaga kai. Bangon ya tokare sama, a bayansa kogi guda aka tare, aka karkata shi zuwa gonakin rani da injinan wuta. Can gangare, tafiyar minti goma, rufin gidajen ma'aikata na ƙyalli. A na uku daga ƙarshe mahaifiyarsa take kwance, wata bakwai rabon da ƙafarta ta taka ƙasa. Ɗaga ta sai mutum biyu, a hankali.

Ya cika kwalba, ya rungume ta kamar ƙwai, ya nufi ofishin injiniya.

"Yana da baƙi," in ji sakatariya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ranki ya daɗe, maganar ta gaggawa ce."

"Duk wanda ka gani a bencin nan, gaggawa ce ta kawo shi."

Dogo irin mutanen nan ne da ko ɗakinsu za su shiga sai sun yi sallama sau biyu. Ya zauna, ya ajiye kwalbar tsakanin ƙafafunsa, ya ƙura wa ƙofa ido. Faranti ya shiga da kofuna, ya fito. Aka yi dariya a ciki. Duk motar da ta wuce a waje, sai ya zabura, ya kasa kunne.

Sai bayan awa biyu aka ce ya shiga. Injiniya ya karɓi kwalbar, ya ɗaga ta saitin taga. Lakar duk ta kwanta a gindi, ruwan ya yi tas.

"Wannan ya hana ka zama, Dogo? Ai ko sha ka yi, lafiya lau."

"Yallaɓai, ba haka na ɗebo shi ba." Dogo ya nuna kwalbar. "Don Allah a girgiza."

Injiniya ya girgiza, da sauran murmushi a bakinsa. Ruwan ya turnuƙe. Murmushin ya tafi.

"Wane bututu?"

"Na huɗu."

"Minti nawa?"

"Bai kai biyu ba, yallaɓai. Kuma tun da safe ne."

Injiniya ya ajiye kwalbar sannu a kan tebur. Ya ɗauki wayarsa, ya juya baya, ya matsa jikin taga. Dogo ya sauke numfashi, ya ce a ransa to, maganar ta kai wurin manya.

"Kina gida?" Injiniya ya yi ƙasa da murya, amma ɗakin ƙarami ne. "Je ki ɗauko yara daga makaranta, ku wuce gidan yayarki na kan tudu. Yanzu. A'a, bar kayan. Na ce ki bar kayan."

Ya kashe wayar, ya juyo, ya gyara wuyan rigarsa. Ya dubi takardun gabansa, ya dubi agogon bango, bai dubi Dogo ba.

"Ba wani abu ba ne, za mu bincika. Kada ka je kana tayar wa mutane hankali, baƙin nan ba su tafi ba tukuna. Koma bakin bututun, ka riƙa auna mini duk rabin awa."

Dogo bai motsa ba.

"Yallaɓai," ya ce, "Innata ba ta iya tafiya."

Injiniya ya mayar da ido kan takardunsa. A waje, sakatariya ta ce na gaba ya shirya.