Gindin Tukunyar Inna

Ni da yayana Ja'afaru ba mu taɓa zama a kan magana ɗaya ba tun muna yara a Gubuchi, kuma furfurar da ta fara fito mana ba ta gyara komai ba. Shi gyaran sola yake yi a Makarfi. Ni kuwa tun rasuwar maigidana renon tumatir nake yi, in sayar wa masu lambu su dasa idan damina ta ja baya.

Ruwan Agusta ne abokin gabata. In na yi reno a fili ya doke shi, in na shigar ɗaki tsiron ya yi tsawo siriri ya kwanta saboda rashin rana. Sai Yaya ya haɗa mini fitila da ƙananan ƙwayayen nan masu haske, ya jera su a jikin fallen kwano, ya rataye a ɗakin Inna da ke rufe tun da ta rasu. Tsiro ya miƙe ya yi kore shar. Sai dai fitilar zafi take ɗauka, ko hannu ba ka iya ɗora mata.

Ya kawo ƙananan fankoki na tsohuwar kwamfuta ya ɗaura mata. Ga kuka kamar sauro, ga shan batir. Ana nan wata tsaka ta kutsa cikin ɗaya ta tsayar da ita, rabin ƙwayayen suka ƙone. Ni na tsinci gawar tsakar, kuma ban ji tausayinta ba.

"Hanya biyu ce, Adama," in ji Yaya. "Ko in ƙaro fanka ki riƙa gadinta kamar jinjiri, ko a samu dalma mai kauri a manna ƙwayayen a jikinta. Ita za ta sha zafin ta sake shi a iska. Ba ta shan batir, ba ta tsayawa."

Yana magana idonsa na kan tukunyar Inna da ke kife a lungu.

"Yaya, ɗauke idonka daga nan," na ce.

Tukunyar dalma ce, sai mutum biyu suke ɗaga ta. A cikinta Inna ke dafa abincin gayya lokacin da Baba ke tara mutane noman dawa. Mu yara muna zaune gefe muna jiran ƙanzo, tana korarmu da muciya tana dariya. In ta sauke, ƙamshin daddawa har bakin gona. Yanzu babu gayya, kowa maganin feshi yake saye, amma ni duk sanda na ga tukunyar nan sai in ji hayaniyar gidanmu ta dawo. Ina kewar wannan hayaniya ƙwarai.

Na zaɓi fanka. Na riƙa share ta da gashin kaza, ina leƙawa kamar mai jinya. Da aka yi kwanaki ana hadari babu rana, batir ya kasa ɗaukar fitila da fanka tare. Tsiron ya fara rawaya yana sunkuyawa, kuma shi ne abincin 'ya'yana na shekara. Da kaina na mirgino tukunyar tsakar gida, na aika a kira Yaya.

Bai yi mini gori ba, wannan kam na ba shi. Ya kai ta wurin mai walda aka yanke gindin, aka tsattsaga jikin aka kafa shi tsaye a bayan gindin kamar haƙoran mataji. Da ya dawo na ɗauko toka zan goge baƙin, ya riƙe mini hannu.

"Cikin kawai za a wanke, nan za a manna ƙwayayen. Bar baƙin, ya fi sakin zafi."

Aka rataye. Ɗakin ya yi tsit, dalmar ta yi ɗumi kaɗan ta tsaya a nan. Tsiro ya farfaɗo.

Bayan sati Gwaggo Bilki, aminiyar Inna, ta yi sallama da sandarta. Muka gaisa har muka gaji, sannan ta ce jikarta ta haihu, jibi suna, ta zo aron tukunya kamar yadda ta saba tun Inna na da rai. Na kama hannunta na kai ta ɗakin.

Ta daɗe tana kallon gindin tukunyar a rataye a sama. Ta miƙa hannu ta shafa baƙin, ta dubi yatsunta.

"A cikinta aka dafa abincin sunanki," ta ce. "Da na uwar wannan jaririyar. Na so a ce ita ma ta samu."

Na ba ta ƙananan tukwanena biyu. Ta karɓa ta yi godiya sosai, irin godiyar da ake yi wa baƙo.