Fuskar da ke Cikin Jirgin

Duk layin Likita ake ce mata, alhali ita ba likita ba ce. Haƙoran roba take haɗawa a wani ɗan ɗaki da ke bayan asibitin haƙori, inda ba mai ganinta sai tsofaffin da aka turo a auna musu dasashi. Ta gyara wa mutane sunan har ta gaji, ta ƙyale su. Aikin dai ya ba ta hannu marar rawa da idon ganin ƙwaƙwaf, har mijinta yakan ce da za a kamo mata ƙuda, tsaf za ta sa masa haƙori.

Da wannan hannun take wani aikin a gida, wanda ba wanda ya sa ta. A kusurwar falo, daf da taga, tana da tebur cike da ƙananan kwalaben fenti da hantsaki da buroshi masu siririn baki. A nan take haɗa 'yan ƙananan jiragen yaƙi irin na da, masu farfela, waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali. Kuma ba ta tsayawa a jirgin kaɗai. Sai ta sami faifan katako ta shimfiɗa masa fili guda, ta yi ƙasa da garin katako, ciyawa da zaren igiya, ta jera gangunan mai da 'yan mutane da ba su wuce gaɓar yatsa ba. Maƙwabta sukan leƙo su yaba, in sun fita su ce mace da girmanta tana wasan yara.

Ita ta san ba wasa take ba. Mahaifinta matuƙin jirgin yaƙi ne. Ya tashi wata safiya tana goye a bayan uwarta, bai dawo ba. Hoto ɗaya ya rage a gidan, shi ma jirgin ne ya cinye shi, uban yana can ƙarƙashin fiffike, hula da inuwa sun rufe shi. Ta san jirgin mahaifinta har ƙusoshinsa, amma ba ta san fuskarsa ba.

Mai sanin fuskar mutum ɗaya ce, Mama, ita kuwa ta kulle bakinta a kan zancen tun Likita tana ƙarama. Ko yaya aka ɗauko maganar, sai ta ce, “Allah ya jiƙansa,” ta miƙe ta sami wanki ta hau ninkewa. Da, Likita takan ce wa ranta akwai lokaci. Amma a 'yan watannin nan Mama ta fara tsayawa a tsakiyar magana tana laluben sunan maƙwabciyar da suka tsufa tare. Abin ya tsorata Likita ƙwarai. Idan fuskar ta goge daga kan Mama, shi ke nan, ba inda za a sake samo ta.

Shi ya sa ta ɗauko wannan aikin na ƙarshe. Ta nemo irin jirgin da ke cikin hoton, ta yi masa fili, ta kewaye gefe ɗaya da shingen waya da ta yanko daga tsohuwar ragar taga. A cikin jirgin ta zaunar da matuƙi. Fuskarsa ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, amma ta fi komai cin lokacinta, don ba ta da abin kwaikwayo. A ƙarshe ta yi masa fuska irin ta kowa, mai kyau, marar laifi. Fatanta shi ne Mama ta leƙa ta ce ba haka yake ba, daga nan bakin ya buɗe.

Mijinta bai gamsu da dabarar ba. Shi mai gyaran rediyo da fanka ne, ana ce masa Injiniya, sunan da shi bai taɓa gyara wa kowa ba.

“Likita, anya ba fama mata ciwo za ki yi ba?” ya ce.

“Ni ma ciwon gare ni, Maigida. Nawa ma ban san kamanninsa ba.”

Sai ya gyara mata zaman fitilar tebur.

Ranar da Mama za ta zo ziyara bayan azahar, abu ɗaya ya rage. Akwai wani ɗan murfi garai-garai kamar gilashi da ake kifawa a kan mazaunin matuƙi, ta cikinsa ake ganin mutumin. Farin gam na kafintoci ake sa masa, ɗan kaɗan da bakin allura, ita kuwa nata ya bushe a kwalba. Ta ɗora murfin haka nan ba gam, ta ce za ta sayo a hanyar dawowa daga aiki. Har ta kai bakin ƙofa ta juyo.

“Don Allah kada a taɓa min teburin nan.”

“Wa zai taɓa? Je ki abinki.”

Injiniya mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya jawo abin. Ya ga suruka za ta zo, ya rufe shago da wuri ya dawo ya share falo, ya kunna fanka don ɗakin ya sha iska. Fanka ta ɗebe murfin ta jefa ƙarƙashin kujera. Ya rarrafa ya lalubo shi, ya ga ko ƙwarzane bai yi ba. To, Injiniya yana da wani gam a aljihu, irin mai kama yatsun nan nan take, kuma ya yi imani da shi fiye da kima. Da shi ya gyara takalminsa, da hannun kofin shayi, da ƙafar tabarau. Ya ce a ransa bari ya hutar da matarsa. Ya ɗiga gam a gefen murfin, ya kifa shi daidai wa daida, ya ja da baya yana yaba aikin hannunsa.

Abin da bai sani ba, wanda duk mai haɗa irin waɗannan jirage ya sani, shi ne wannan gam yana fitar da wani tururi idan yana bushewa. A kan takalmi ba a lura. Amma a rufaffen wuri tururin ba shi da mafita, sai ya kwanta a jikin murfin ta ciki ya mai da shi fari.

Da Likita ta dawo da azahar, farin gam a jaka, kai tsaye teburin ta nufa. Fili yana nan, jirgi yana nan, shinge yana nan. Murfin kuwa ya yi fari fat, ba a ganin komai a ciki sai wata inuwa mai kama da kan mutum. Ta sa yatsa ta goga, bai gogu ba, don ta ciki abin yake.

“Na liƙa miki shi,” in ji Injiniya daga bayanta, murya ƙasa-ƙasa, don shi ma ya riga ya gani. “Wallahi garau yake lokacin da na sa.”

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Ta zauna a kujera ta zuba wa jirgin ido. Ranta ya ɓaci iyakar ɓaci. Ta yi wata da watanni tana aiki don Mama ta ga fuska, ga shi fuskar ce kaɗai ba a gani.

“Ba za a iya ɓamɓare shi ba?”

“Za a iya, in an bi a hankali. Sai a goge cikin da abin da nake goge haƙora. Amma ba aikin yanzu-yanzu ba ne, Mama kuwa tana hanya.”

“To ki ce mata ni ne. Ai ta san halina.”

“Ba mai laifi nake nema ba, Maigida.”

Ba ta rufe baki ba suka ji sallama a tsakar gida. Likita ta fizgi wani mayafi da ke kan kujera ta lulluɓe teburin, ta yanke shawarar a bar zancen sai wani zuwan, in Allah ya kai su da hankalin Mama.

Aka gaisa. Injiniya ya durƙusa ya kwashi gaisuwa fiye da yadda ya saba, har Mama ta dube shi ta ce ko ya yi wata ɓarna ne. Aka kawo shayi. Sai dai Mama ba ta iya ganin tufa a yashe ta ƙyale. Likita ta shiga kicin ɗauko sukari, kafin ta fito tsohuwar ta miƙe ta janye mayafin tana cewa wane irin gida ne ake shanya kaya a kan tebur.

Mayafin bai ninku ba. Mama ta tsaya riƙe da shi a ƙirji, tana kallon fili da gangunan mai da shingen waya. Sannan ta sunkuya a hankali, hannu ɗaya a gefen tebur, har hancinta ya kusa taɓa jirgin. Ta daɗe a haka. Injiniya ya fara neman hanyar ƙofa da ido.

“'Yar nan,” in ji Mama, ba ta ɗago ba. “Wa ya gaya miki?”

“Me, Mama?”

“Tururin nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.”

Likita ta ajiye gwangwanin sukari a hankali don kada ya yi ƙara. Injiniya ya buɗe baki zai yi bayanin gam, ta yi masa wani kallo, ya mai da bakinsa ya rufe.

“Da sassafe suke tashi, cikin sanyi,” Mama ta ci gaba. “Gidajenmu suna bayan waya, nan.” Ta nuna bayan shingen, inda Likita ta bari ba kowa. “Nan nake tsayawa, ke kina baya. In zai wuce zuwa inda suke ɗaukar gudu, ta gabanmu yake bi, a hankali. Numfashinsa ya riga ya rufe gilashin, fari kamar wannan, ba ka ganin kowa. Sauran matan ba sa gane nasu. Shi kuwa sai ya sa bayan hannu ya goge ɗan wuri ta ciki, daidai tafin hannu, ya kawo fuskarsa.”

“Kina ganinsa sosai?” Likita ta tambaya.

“Haƙoran nake fara gani. Mutum zai tafi yaƙi yana washe baki, ke kin taɓa jin irin wannan? Ga wushirya a tsakiya.” Sai a lokacin Mama ta ɗago ta dubi 'yarta. “Irin taki sak. Shi ya sa in kina dariya nake kau da kai. Kin ɗauka faɗa ne, ko?”

Haka kuwa ta ɗauka, tun tana yarinya. Likita ta kai yatsa bakinta ta taɓa tsakanin haƙoranta na gaba. Hawaye ya zubo mata, kuma ga mamakinta dariya ta biyo shi. Mama ta kalle ta, amma wannan karon ba ta juya ba.

Injiniya ya share maƙogwaro. “Mama, gaskiya tururin nan ni na…”

“Kai kuma jawo min kujera, ƙafata ta gaji.”

Ya jawo har biyu. Likita ta zauna, ta kunna fitilar tebur duk da rana ba ta faɗi ba, ta ɗauki siririyar wuƙarta ta fara bin gefen murfin, tana raba shi da gam kaɗan-kaɗan. Ta ce ba za ta goge farin duka ba, ɗan wuri kawai za ta buɗe ta gefen shinge. Mama ta ce haka ne, kuma kada ya yi faɗi, hannunsa ba babba ba ne.

Da murfin ya ɗago, ɗan matuƙin ya bayyana da fuskarsa irin ta kowa. Mama ta karɓi gilashin ƙara girma ta duba shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

“Wannan kuma ɗan gidan wa ne? Ai bai kama ƙafar ubanki a kyau ba.” Ta gyara zama, ta ajiye mayafin a cinya ba ninki. “Ɗauko buroshinki. Mu fara da goshi, ya fi haka faɗi. In mun gama zan gaya miki yadda aka yi ya sami tabon da ke gefen girarsa.”

Likita ta tsoma buroshi a fenti, ta ce, “Ina jin ki, Mama.”